Abin da Baba Ya Gaya wa Doki

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Baba ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, aka sallace shi bayan azahar, kafin la'asar har an dawo daga maƙabarta. Yau kwana tara. Ina rubuta wannan da hannun macen da karatunta ya tsaya a aji huɗu, don haka wanda ya ga layi ya karkace ya yi haƙuri.

Jama'a kam an taru. Daga Makarfi, daga Kudan, daga Janfalan, har Fulanin da ke sauka a bakin fadamarmu da rani sun zo da ƙwaryar nono. Tabarmin gida suka ƙare, sai da aka aro na masallaci. Muna ciki muna jiyo maza ta kan katanga, kowa da abin da ya tuna. Wannan ya ce Malam Raba-biyu ya tafi, yanzu wa zai shiga tsakani? Wancan ya ce shekara sittin bai taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba. Wata tsohuwa daga Nasarawan Doya, wadda ban ma gane ta ba, ta kama hannuna ta ƙi saki.

Ta ce, "'Yar nan, da a ce mu mata muna jefa ƙuri'a a wancan zamani, wallahi da ubanki ya ci zaɓen nan da rata. Ba don maganarsa ba, da na mutu a kan gwiwa da cikina na uku."

Na ce mata Allah ya ba da lada. Abin da na iya ke nan.

Da aka gama shirya shi, Baffa, yayan Baba, ya dogara sanda ya tsaya a bakin ƙofar cikin gida. Ya ce, "Mutan gida, za a fita da shi. Wanda ya san ya taɓa ɓata masa rai, ya yafe masa." Mata suka amsa gaba ɗaya cikin kuka, mun yafe, mun yafe duniya da lahira. Ni kaɗai bakina ya ƙi buɗuwa. Ƙanwata ta zungure ni da gwiwar hannu, ta harare ni da jajayen idanu. Na so in faɗa, Allah shi ne shaida. Ina kallo aka ɗaga makara aka fita da ubana ban ce na yafe ba.

Wannan shi ya hana ni sakat, shi ya sa na ɗauki biro.

Ni ce 'yar fari. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan ke nufi: uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya ma nuna ya san da zamansa. Da kakata tana raye da ita za ta ɗauke ni tun daga yaye, to ta riga ta rasu, sai na tashi a gaban iyaye biyu masu jin kunyata. Inna takan ce "ke" ko "waccan". Baba kuwa ko "ke" ɗin bai iya ba.

Sana'arsa matsar rake ce. Yana da injin ƙarfe a bakin fadama, irin wanda ake ɗaura wa doki doguwar sanda ya yi ta zagayawa, ana cusa rake, ruwan yana zuba, a dafa shi a babban kasko har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare ya zama mazarƙwaila. Dokin baƙi ne, ramamme, mai haƙurin tsiya, Akawal kawai muke ce masa. Aikina shi ne in kwashe tuƙar raken da aka matse in baza a rana, don da ita ake hura wuta. To da yake Baba ba zai yi mini magana ba, sai ya mai da dokin nan ɗan aike. Ina tsaye nan kusa da shi, sai ya dubi kunnen doki.

"Akawal, wata ta tara tuƙa wuri guda, ba za ta bushe ba."

Ko kuma, in ya kankare gindin kasko, "Akawal, akwai ɗan ɓawo a kwanon can, in wata tana so tun da ɗumi."

Ni kuma in amsa wa dokin. "Akawal, ka ce an gode." Sai in ga gefen bakin Baba ya motsa. Duk wani abu mai daɗi da ya taɓa shiga tsakanina da ubana, ta kunnen dokin nan ya bi. Ta nan na ji ranar da ya ce, "Akawal, gobe wata za ta fara zuwa makarantar boko. Ka gaya mata ta goge kaushin ƙafarta, kada ta ba mu kunya."

Sunan Raba-biyu kuwa, bakinsa ne ya jawo masa. Duk rigimar da aka kawo, zai saurara har kowa ya gaji, sannan ya ce, "To, a raba ta biyu." Na taɓa gani wasu maƙwabta suna neman zubar da jini a kan wata kuka da ta tsaya daidai iyakar gonakinsu. Baba ya ce wannan ya ɗebi ganye bana, wancan ya ɗeba baɗi. Suka tafi suna dariyar kansu. Haka ya ɗauki duniya: babu abin da ba shi da tsakiya, in dai an zauna.

Shekaru kaɗan bayan Turawa sun miƙa mulki aka buga gangar zaɓe. Akwai jam'iyyar manya, wadda dattawa suka saba da ita, akwai kuma ta masu zafin kai, waɗanda ke cewa a rushe komai a sake gini. Baba ya ce shi ba ya nan, ba ya can, zai tsaya indifenda, shi kaɗai ba jam'iyya, alamarsa sandar rake. Maganarsa ba ta da yawa. A bar mata su je ɗakin shan magani, da izinin miji, da rana, da rakiyar tsohuwa. A bar 'ya mace ta yi karatu ko da na gane rubutun kwalbar magani ne. Da aka tambaye shi ko mata su ma su jefa ƙuri'a, sai ya ce, "Wannan ba yanzu ba." Yana durƙusa wa hakimi, yana sahun gaba a masallaci. Masu zafin kai suka ce matsoraci ne, dattawa kuma suka ce ɗan boko ne ya naɗa rawani.

Ba shi da mota, ba shi da lasifika. Keke ne da kwandon mazarƙwaila a baya. Zaure zaure yake bi, ya cire takalmi, ya yi gaisuwa har ta ƙare, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ba a taɓa korar sa ba. A nan ma matsalar take: kowa yana son sa, sai ya ɗauka saura ƙiris ya shawo kansu.

A lokacin ina aji huɗu, ajin ƙarshe a makarantar garinmu. 'Yan matan da muka fara tare duk sun zame, saura ni. Saura mako uku a yi jarrabawar shiga makarantar kwana a Zariya, malaminmu kuma ya ce in ban ci ba to babu mai ci. Na riga na gama shirina a zuci. Na ga wata malamar asibiti da farar riga da agogo a ƙirji, na ce ni ma haka zan zama.

Wata Juma'a da safe Baffa ya zo wurin matsa da dattawa biyu. Shi ke jan salla a unguwarmu, in ya ce a yi, an yi. Ina can ina baza tuƙa, suka yi maganarsu kamar ba na wurin.

Baffa ya ce, "Babu mai ƙin ka, ka sani. Maganar asibiti mun ji, in da rakiya ba laifi. Amma mutane suna cewa yau aji huɗu, gobe Zariya, yarinya tana kwana a ɗakin da ba na ubanta ba. Abin da ka yi a gidanka shi za ka yi a gidajensu. Ka nuna mana kai namu ne. Ka zaunar da yarinyar nan, mu kuma mu san abin da za mu gaya wa jama'a."

Baba ya tsura wa injin ido. Ina ƙirga zagayen Akawal, don ban san inda zan sa idona ba. Ɗaya. Biyu. Uku.

Ya ce, "Yaya, a raba ta biyu. Ta zauna gida har a yi zaɓe. Bayan nan ma sake zama."

Baffa ya ce madalla, suka shafa fatiha suka tafi. Baba ya daɗe yana gyara igiyar da ba ta kwance ba, sannan ya ce, "Akawal, wata za ta ɗan huta da makaranta. 'Yan kwanaki ne."

Ban ba doki amsa ba. Na watsar da tuƙar da ke hannuna na ruga gida.

Inna mace ce da ko tari ba ta yi da ƙarfi in Baba yana gida. Ranar nan da azahar ta tare shi a tsakar gida, muciya a hannu.

Ta ce, "Malam, iyakar gona ce ita da za ka raba biyu?"

Ya ce, "Ki saurara. In na shiga majalisa, ba ita kaɗai ba, 'yan matan ƙasar nan duka za su amfana. Jarrabawa kuma ai magana ce, in ina can sai a san yadda za a yi."

"'Yan matan ƙasar nan suna da iyayensu," in ji Inna. Sai ta kama sunana, cikakke, da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. "Ita fa? Ita wa gare ta?"

Uwa ta kama sunan 'yar fari a gaban miji! Ni kaina sai da na rufe fuska. Wannan ne karo na farko da na ƙarshe da na ji sunana a bakinta. Baba ya sunkuyar da kai, ya ja kekensa ya fita.

Ranar jarrabawa malaminmu ya jero yara maza, kowa da fensir a bayan kunne, suka bi ta gefen fadamarmu. Ina tsaye da tuƙa a hannu. Malam ya kau da kai, na san don kada in ga fuskarsa ne. Wani yaro da nake koya wa lissafi ya ɗaga mini hannu. Baba ba ya nan, yana Janfalan yana bin zauruka.

A wancan zamani kowane ɗan takara da akwatinsa da alamarsa a jiki, a cikin wani ɗaki. Mutum ya shiga shi kaɗai, ya jefa takardarsa, ya fito. Ranar zaɓe mazan garinmu suka sha fararen kaya suka yi layi, duk wanda ya wuce sai ya miƙa wa Baba hannu biyu. Da aka ƙirga, ɗan jam'iyyar manya ne ya ci. Wakilin Baba ya gaya wa Inna cewa da aka juye akwatin rake na garinmu, takardun ko gindin faifai ba su rufe ba.

Washegari Baba ya ɗaura Akawal ya ci gaba da matsa. Ya fi mako bai ce wa dokin komai ba.

Kada in zalunce shi, ya yi ƙoƙari. Sau biyu yana taka keke har Zariya. Aka ce jarrabawa sau ɗaya ake yi a shekara. Da shekara ta zagayo aka ce na wuce shekarun shiga. Makarantar garinmu kuwa ba ta da aji biyar. Shi ke nan. 'Yan kwanakin da ya gaya wa doki, ga su nan har yau ina cikinsu, da jikoki. Aure na yi shi a kan lokaci, da wanda nake so, kada wani ya ɗora wa Baba abin da bai yi ba. Ƙannena mata kuwa duk sai da suka gama makaranta, ko Baffa bai isa ya ɗaga maganar ba. Wadda ta zungure ni ranar jana'iza malamar asibiti ce. In ta sa farar rigar nan da agogo a ƙirji ina taya ta murna, ina kuma jin wani abu yana sukata a zuciya. Ba zan ɓoye ba.

Bai sake tsayawa takara ba. Sulhu kam ya ci gaba da yi wa mutane, amma daga ranar ban sake jin ya ce "a raba ta biyu" a cikin gidanmu ba. Ni kuma na daina amsa wa doki. In ya ce, "Akawal, ga ɓawon kasko," sai in wuce kamar ban ji ba. Kai, ina da taurin kai, na sani. A wurin Inna na gado, ita dai ta iya ɓoye nata.

Akawal ya tsufa ya mutu, aka sayi wani, daga baya ƙanena ya kawo injin mai shan mai, aka daina aiki da doki. Amma turken Akawal, wani guntun icen ƙirya da ke bakin fadama, Baba ya hana a tumɓuke.

Bara da kaka na zo ganin gida. Da hantsi na fita neman sa in gaishe shi, na same shi zaune kan kujera 'yar tsugunno kusa da turken, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaida shi, ya amsa wa ƙasa kamar yadda ya saba. Har na miƙe zan tafi, sai na ji ya yi gyaran murya. Ya dafa kan turken.

Ya ce, "Akawal, an yi wa wata laifi tun tuni. An daɗe ana so a faɗa. Ka tambaye ta, ko za ta…"

Bai ƙarasa ba. Ya tsaya yana jira.

Na san abin da yake nema. Kalma ɗaya ce. Amma raina ya ce a'a, wannan karon ba ta bakin doki ba. So nake ya juyo, ya dube ni, ya kama sunana ko sau ɗaya, kamar yadda Inna ta yi. Tsoho ya taka iyakar inda ƙafarsa za ta iya kai shi, ni kuma na ƙi matsawa ko taku ɗaya.

Na ce, "Baba, ai doki ya mutu."

Na juya na shige gida. Maganar ƙarshe ke nan mai ma'ana da ta shiga tsakaninmu. 

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, na shiga zauren Baffa. Idonsa ya kusa tafiya, sai da na yi magana ya gane ni. Muka yi wa juna gaisuwa, na zauna a bakin ƙofa. Tambayar da na riƙe tun ina yarinya ta fito da kanta.

Na ce, "Baffa, kun yi masa alkawari. Ya ba ku abin da kuka nema. Me ya sa?"

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Mun yi, mun kuma saɓa, Allah ya yafe mana. Ranar nan ko gida ba mu kai ba ɗaya daga cikin dattawan ya ce, kun gani? Zagaye uku na doki, ya ba da 'yarsa. In ya je can manya suka matsa masa, mu zagaye nawa za mu ci?"

Na ce, "To da ya ƙi fa?"

"Da mun ce ai ga shi nan, ɗan boko ne, ba ya jin maganar manya."

"Ashe ko ta ina ba za ku zaɓe shi ba."

"Ko ta ina, 'yata. Muna son sa, wallahi muna son sa. Amma mun saba da inda muke jefawa, kuma maganar mata tana ba mu tsoro. Ni da kaina na tsaya gaban akwatinsa har ma'aikacin zaɓe ya yi gyaran murya daga waje. Hannuna ya ƙi. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ashe a banza. Makarantata, farar rigata, duk a kan cinikin da tun farko babu shi. Na ji kamar in yi ihu a zauren nan.

Na ce, "Shi ya san haka?"

Baffa ya ce, "Tun a shekarar na gaya masa, don abin ya hana ni sukuni. Ya yi kuka a nan inda kike zaune. Ya roƙe ni kada in bari ki ji. Ya ce a nan za ki yi aure, a nan za ki haihu, cikin mutanen nan za ki zauna. Gara ki riƙe shi shi kaɗai da ki riƙe gari guda."

Ban san yadda na fito ba.

Washegari da safe na tafi bakin fadama. Rake ya yi tsawo, injin maƙwabta yana ta ƙara. Turken yana nan, kansa ya yi santsi saboda dafawa. Na durƙusa, ni da furfurata, na ɗora hannu inda yake ɗorawa.

Na ce, "Akawal, ka gaya wa wani na yafe. Ka ce masa tun bara ya kamata a faɗa. Ka tambaye shi, ko shi ma zai…"

Na tsaya ina jira, kamar yadda ya jira. Sai a ranar na san tsawon wannan shirun.

Wanda ya karanta wannan, in ya taɓa shan ruwan raken Baba, ko an taɓa raba masa rigima, ko matarsa ta sauka lafiya a ɗakin shan magani, ya sa shi a addu'a. Allah ya yalwata masa makwanci, ya haskaka shi, ya karɓi yafiyar da ta zo a makare.

Jiya ƙanena ya ce zai tumɓuke turken, wai yana tare wa motar rake hanya. Na ce kada wanda ya taɓa shi. Ban gama ba da saƙo ba.